Takin Shanun Surukina

Shekarar da rana ta yi husufi ce. Ana gab da azahar, muna gona muna maimaita shuka domin ta farko ta ƙone, sai haske ya dushe, iska ta yi sanyi, liman ya tara mutane aka yi salla. Daga ranar ruwa bai ƙara yin abin kirki ba. Hatsin da na girbe a shekarar bai kai rabin rumbu ba, kuma tun kafin sanyi ya shigo maza suka fara ɗaure kaya za su tsallaka iyaka ci-rani.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dungas da Dogo-Dogo. A lokacin ina zuwa karatun manya, a wata rumfar zana bayan masallaci, inda ake jingina tabulo, wato allon rubutu, a jikin gawo bayan la'asar. Wata rana malaminmu, mutumin Magariya, ya tambaya wa zai kasance a gari wata mai zuwa. Ba wanda ya ɗaga hannu. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kayansa.

Ni na taɓa yin rani biyu a garka, wato lambu, ta wani mutum can bayan iyaka, ina jan ruwa, ina kallon yadda ake renon iri da yadda ake dasa shi. Kuma a kwarin da ke gabas da gari ruwa ba shi da nisa, tsayin mutum da rabi ka same shi. Sai na miƙe na ce mu haɗu mu yi garka ɗaya ta kowa da kowa, mu ci ganye, mu kai albasa kasuwar Dungas, ba sai mun bar iyalinmu ba. Ni ba mai magana a taro ba ne, amma ranar na yi. Har na ce wanda ya tsaya, in Allah ya yarda, ba zai yi da-na-sani ba. Mutum takwas suka kwance kayansu saboda wannan maganar. Da ni muka zama tara.

Muka yi shawara a nan rumfar. Takin buhu ba za mu taɓa ba, domin bashi ake ba da shi a kan gyaɗa, gyaɗa kuwa ta mutu, kuma na ga yadda yake ƙona shuka in ruwa ya yi kaɗan. Kashin dabba za mu sa, da toka, da ganyen gawo. In ƙwari sun zo, a jiƙa ganyen dogon yaro da barkono a yayyafa. Kowa ya kawo abin da yake da shi: wannan igiya, wannan wasakin jan ruwa, wannan ya saro ƙaya aka yi shinge. Malam ya je birnin Magariya ya samo mana iri a ƙunshin takarda, albasa da tumati da shu, wato kabeji, da salati. Da ya miƙa mini ya ce, "Ka riƙe da kyau. Shi ke nan abin da ke akwai, babu wani sai baɗi."

Muka haƙa rijiya biyu, muka tayar da fangali ashirin da huɗu. Irin kuwa na rene shi a gefe, da tsohon kashin awakin gidana, ya fito kore shar. Mata har zuwa suke su leƙa ta shinge, domin a duk ƙasar babu wani abu kore sai shi.

Abin da muka rasa taki ne na manyan fangalin. A da ba wanda ke neman taki a wurinmu. In an gama girbi makiyaya su zo su kwantar da shanu a gonarka, kai kuma ka ba su damin hatsi, kowa ya amfana. Wannan shekarar babu shanun.

Surukina yana cikin waɗanda suka rasa. Makiyayi ne mai noma, gidansa yana bayan gari, tafiyar ɗan lokaci kaɗan. Garkensa ne ke kwana a gonar mahaifina tun ina yaro, ta nan ma na ga ƴarsa. Shanun sun faɗi ɗaya bayan ɗaya a gabansa, ya rage daga shi sai jaki. Matata ce ke aika masa da abinci, akushin ya dawo kusan yadda ya tafi.

Tun da na auri ƴarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na hango shi a hanya sai in saki hanyar. In ba dama, in tuɓe takalmi in durƙusa har ya wuce. Magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa. Haka aka koya mini, haka shi ma ya yi da nasa surukin, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai a shekarar nan.

Wata safiya tsohon ya zo bakin shinge. Ni na koma can ƙarshen garka na tsuguna bayan rijiya. Taubashina ne ya tare shi, ɗan kawuna, wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Na ji kuna neman taki," in ji tsohon. "Makwancin shanuna yana nan. Shekara da shekaru ba a kwashe shi ba. Su sun tafi, amma abin da suka bari yana nan."

"Baffa, ai ka gama mana komai," in ji taubashina. "Mu zo da jakai?"

"A'a. Ni zan kawo. Ba ni da wani aiki."

Kashegari ya zo da mangala cike. Taki ne baƙi, mai laushi kamar gari, irin wanda manomi ke gani ransa ya yi fari. Shi da kansa ya baza a fangali biyu, muka ba su ruwa. Da rana ta buge su har la'asar, sai na ga wani fari-fari ya taso a saman ƙasar. Na ɗanɗana a harshe. Kanwa ce.

Da na koma gida na tambayi matata. Ta ce kafin fari ya tsananta ya sayi kanwa mai yawa domin shanu, ya jibge ta a tsakiyar makwancin ya rufe da tabarma. Da shanun suka mutu bai ƙara iya taka wurin ba. Ɗan ruwan da aka yi ya narkar da ita, ta bi takin ta shige. Idonsa kuma ya yi rauni, ba zai ga farin ba.

Kowane manomi ya san ƙasa mai kanwa ba ta raya shuka. Da safe na tara mutane a bakin rijiya na gaya musu. Kowa ya ɗanɗana ya tofar.

"To, sai a gaya masa ya daina," in ji wani.

"Wa zai gaya masa?"

Duk suka juyo suka dube ni.

"Surukinka ne," in ji babbanmu, wanda ya kawo wasaki. "Ta ƙofarka ya shigo cikinmu. In ɗayanmu ya ce masa takinka ba shi da kyau, zai ce mijin ƴarsa yana tsaye ya bar bare ya ci masa fuska."

"Ni zan faɗa," in ji taubashina. "In ce, Baffa, wannan takin naka a tukunyar wake ya dace, ya nuna da wuri."

Aka yi dariya, ban da ni. Na roƙe shi don Allah kada ya buɗe baki.

"To kai buɗe naka mana, sarkin kunya. Ko sai na ara maka mayafin matata ka rufe fuska ka je?"

Na je wurin liman. Ya saurare ni har na gama, ya ce wannan maganar cikin gida ce, gida ya kamata ya gyara ta. Na dawo wurin matata.

"Ni?" ta ce. "Malam, ka manta ni ce ƴar fari? Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. Ko ruwa ban taɓa miƙa masa hannu da hannu ba. Ni zan tsaya in ce masa abin da shanunsa suka bari guba ne?"

Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa. Mutum ɗaya ne a duniya ke iya gaya wa tsohon magana kai tsaye, yayarsa, wadda ke aure a Yekuwa, can yamma da Magariya. Ranar kasuwar Dungas matata ta sami wata mai sayar da daddawa da ke bin kasuwannin wajen, ta ba ta saƙo: a gaya wa Goggo ta zo, akwai magana. Muka zauna jira.

Shi kuwa bai jira ba. Kullum da hantsi sai ga shi da jaki, ya sauke, ya baza, ya koma ya ƙaro. Yana shigowa ta ƙofa ni ina komawa bayan rijiya. Daga can nake kallonsa yana sunkuye a kan fangalin da na tayar da hannuna. Wani maraice matata ta nuna mini akushi.

"Dubi," ta ce. "Ya cinye. Har ya aiko a ƙara masa miya. An ce jiya ya ɗinke mangalarsa da kansa."

Ta faɗa tana murna, sai kuma ta tuna, ta ajiye akushin ta shiga ɗaki.

Taubashina ya yi dabararsa. Ya kewaye fangali biyu na kusa da shinge da kara, ya ce wa tsohon, "Baffa, waɗannan nawa ne. A gidanmu mun gada ba ma sa wa salati takin saniya, sai na jaki. In an sa, ciki yake ɓata mana." Tsohon ya ce kowane gida da nasa, ya bar su.

Ni ma na yi tawa dabarar. In ya tafi, rana ta take, kowa ya koma gari, sai in dawo da fartanya da kwando in kankare abin da ya baza, in kai bayan shinge in zuba a wani rami in rufe da yashi. Kwana kaɗan ina haka. Sai ya lura fangalin suna wayar gari fayau. Na ji yana ce wa taubashina iskar kwarin nan tana da ƙarfi, tana kwashe taki. Daga ranar ya riƙa zuwa da hauya, yana kaftu, yana cusa takin can cikin ƙasa yadda iska ba za ta same shi ba. Ya kuma ƙara sawu.

Ban daina ba. Abin da ya rage a sama ina kwashewa. Wata rana ina durƙushe, kwando ya kusa cika, sai na ji numfashin jaki a bayana. Ya ƙaro sawun da bai saba ba.

Ban juya ba, ban tashi ba. Fartanya tana hannuna. Na ji ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ko da raunin ido, ya ga kwandon, ya ga abin da ke ciki, ya ga wanda ke riƙe da shi.

Bai yi mini magana ba. Da jakin ya yi.

"Juya mu koma," ya ce a hankali. "Kayanmu bai isa shiga garkar mutane ba. Wanda ba shi da saniya, me zai kawo? Juya."

Maganar tana bakina. Gajeriya ce: Baffa, kanwa ce a ciki. Na san ta, na shirya ta tun kwanaki. Na buɗe baki, sai na ji kamar an ce in tuɓe riga da wando a tsakiyar kasuwa. Abin da na iya shi ne na ɗaga kwandon na juye shi a kan fangalin, na baza da tafin hannuna, kaina a ƙasa. Sannan na rarrafa na kama bakin mangalar na taya shi saukewa. Muka baza tare, shi a wannan gefe ni a wancan. Ranar ce kaɗai a rayuwata na yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shi.

Daga nan ban ƙara kankarewa ba.

Irin ya isa dashe, har ya fara wuce lokaci, yana tsawo yana rankwafawa. Goggo ba ta zo ba. Wani ya ce mu tayar da sababbin fangali, amma duk ƙasar da ke kusa da rijiyoyin mun riga mun shinge ta, kuma mutanen da ke kwana da kunun dusa ba su da ƙarfin haƙa wata rijiyar. Na ce mu yi ta zuba ruwa, wataƙila ya wanke kanwar ta yi ƙasa. Ban tabbata ba, amma na faɗa, su kuma suka yarda domin ni ne na taɓa aikin garka. Muka yi ta ja har wasaki ya riƙa fitowa da laka. Rijiya ɗaya ta rufta don yawan ja. Sannan muka dasa.

Kwanakin farko suka tsaya, har na fara sa rai. Sai bakin ganyen tumati ya fara ƙonewa kamar an kusanta shi da wuta. Shu ya yi rawaya. Albasa ta kwanta, in ka ja ta sai ta fito ba saiwa. Kowace safiya akwai sabon layi da ya faɗi, kuma farin nan yana nan a saman ƙasa duk ruwan da muka zuba.

Tsohon ya tsaya a kansu yana lalubawa da yatsa.

"Me ya same su?" ya tambayi taubashina.

Taubashina, wanda bai taɓa rasa amsa ba, ya dubi inda nake tsugune, ya ce, "Sanyi ne, Baffa."

"Ko takin ne bai isa ba?"

"Ya isa, Baffa. Wallahi ya isa."

Goggo ta iso bayan komai ya gama kwanciya. Saƙon ya yi yawo kafin ya same ta, ita kuma sai da ta sami abokan tafiya. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce mai babbar murya. Matata ta gaya mata a ɗaki, cikin raɗa, ta roƙe ta ta same shi a gida su biyu. Goggo ba ta ko sha ruwa ba, ta ce a nuna mata garkar. Da hantsi ne, kowa yana nan, shi ma yana nan da jakinsa. Ni da na hango su na fita na tsuguna bayan shinge.

Ta dangwali ƙasa ta sa a baki. Ta kira shi da sunan yarinta, wanda ba mai iya kiransa da shi sai ita.

"Kai! Tsufa ya cinye maka ido, ya cinye maka harshe ma? Kanwa ka yi ta jido wa bayin Allah! Kanwar shanunka ce ta narke a ciki. Ka kashe musu shuka kana ta murna!"

Duk abin da muka yi ta kauce wa, ta yi shi a gaban mutum tara, da matan da ke leƙe ta shinge.

Ya durƙusa da ƙyar. Ya ɗebi ƙasar ya ɗanɗana, ya daɗe yana juya ta a baki. Sannan ya nemi taubashina da ido.

"Mijin yarinyar nan ya sani?"

"Ya sani, Baffa."

"Tun yaushe?"

"Tun mangalar farko."

"Shi ya sa yake kwashewa."

"Shi ya sa."

"Kuma ya mayar."

"Ya mayar, Baffa."

Ina jin komai ta cikin ƙaya, ƙasa ce kawai nake kallo.

"An yi masa tarbiyya a gidansu," in ji tsohon. Ya faɗa da gaske, ba da gatse ba. Ya dafa jakin ya miƙe, ya kwance mangalar da ya zo da ita cike, ya ja ta da kansa har bayan shinge, ya bar ta a can.

An zage ni a rayuwa, an kuma yi mini dariya, amma ban taɓa jin abin da ya ƙone ni kamar yabon nan ba. Na kasa tashi daga inda nake har rana ta take.

Cikin mako mutane suka sake ɗaure kayan da suka kwance. Ba wanda ya zage ni. Babbanmu ya zo karɓar wasakinsa, ya tsaya a ƙofar gida yana naɗe igiya.

"Da mun tafi tare da na farko, da mun sami aiki," ya ce. "Yanzu ko ɗaukar kaya sai an yi rabo. Ba komai. Ka duba mini gida."

Na ce to. Na yi ta duba gidajensu har damina, da ɗan salatin da ya fito a fangalin taubashina, ana raba wa matan kowa ganye kaɗan. In na kai, a bakin zaure nake ajiyewa in juya kafin a fito.

Surukina ya bi yayarsa Yekuwa. Bai shigo sallama ba, ni ma ba zan iya zuwa ba. Matata ta tsaya a bayan danga tana kallon hanya har suka ɓace, ta dawo ta ɗauki akushinsa ta wanke ta kife.

Cikin fangali ashirin da huɗu, biyu suka rayu. Irin albasa da na tumati da na shu ya tafi duka. Rijiya ɗaya ta rufta. Wannan gefen kwarin ya yi damina uku ko ciyawa ba ta fito ba. Cikin mu tara, bakwai suka tafi a makare, biyar suka dawo, biyu suka aiko aka kai musu iyalinsu can. Tsohon ya rasu a Yekuwa bayan shekara biyu, bai sake kwana a ƙauyenmu ba.